Shin Ko Kun San? Cututtukan Da Ke Shiga Ba Sallama

Shin ko kun san ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a jikin aska ko reza, ko da jinin ya bushe? Ta ƙanjamau ba ta da wannan taurin rai, kuma masana sun ce ta hantar ta fi ta saurin kama mutum ninki 50 zuwa 100. Amma ambaci ƙanjamau a majalisa, kowa sai ya yi a'uzubillahi. Ce ciwon hanta kuwa, sai ka ji an ce ai shawara ce, a jiƙa masa sassaƙe.

Ranar wani suna a unguwarmu na zuba wa wanzami ido. Ya aske jariri tas, ya goge askar a tafin hannunsa, ya wasa ta a fata, ya mai da ita zabira. Na ce, "Baba, ba a ɗan dafa ta?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tun ubanka bai yi aure ba nake wannan sana'a." Ya rataya zabira ya wuce, wai suna biyu na jiransa kafin azahar. Gaskiyarsa ta fuskar ƙwarewa, sai dai ƙwayar cuta ba ruwanta da shekarun gwaninta. Haka abin yake ga ƙaho, da kaciya, da cire belu, da mai yankan farce a bakin kasuwa.

Ko kun san a cikin jarirai goma da suka kamu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wajen tara za su rayu da ita har abada, alhali a manya ko biyar cikin ɗari ba sa kaiwa? Shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar rigakafi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Tun 2004 wannan rigakafi ya shiga jerin na yara a Najeriya, kuma kyauta ne. Inda gizo ke saƙar shi ne haihuwar gida: mai jego na ɗaki, sai an sha suna, wani lokaci ma sai an yi arba'in, sannan a tuna da asibiti. To, ai uba ko kaka ma na iya kai yaron.

Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da wannan ciwon hanta, masu ƙanjamau kuwa ba su kai 2 ba. A duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a 2022. Yawancinsu garau suke yawo, sai ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne.

Wanda ya gano ƙwayar, Baruch Blumberg na Amurka, a jinin wani ɗan asalin Ostareliya ya fara ganin alamarta. Ya sami kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita aka mayar ranar ciwon hanta ta duniya.

Kun san yadda ciwon hanta nau'in C ya mamaye Masar? Da kyakkyawar niyya. An yi shekaru ana yi wa manoman gaɓar kogin Nilu allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi, daga wannan hannu zuwa wancan, ba a dafawa yadda ya kamata. Daga baya ƙasar ta gwada miliyoyin mutane, ta raba maganin da ke warkarwa cikin mako 12, har ta zama ta farko da hukumar lafiyar ta ba shaidar zinare kan yaƙi da cutar a 2023.

Shin ko kun san ainihin ciwon sanyi, wanda ke sa namiji zafin fitsari da fitar mugunya, ba a ɗaukarsa a masai? Ta saduwa yake zuwa. Mata da yawa ba sa jin komai har ya toshe hanyar ƙwai, sai a wayi gari ana zargin kishiya da rashin haihuwa. Idan aka yi wa mata magani aka bar miji, an yi aikin baban giwa, domin shi zai sake mai do mata da shi. Shan kafso biyu daga kemis a daina da an ji sauƙi kuwa, shi ke koya wa ƙwayar jure magani.

Tunjere ya fi wayo. Gyambonsa na farko ba ya zafi, kuma da kansa yake warkewa, cutar ta lafe a jiki shekaru. A mai ciki yana kashe ɗan tayi, alhali allurar fenisilin, wadda aka fara yi masa tun 1943, tana maganinsa. Gwajinsa na cikin amfanin zuwa awo.

Sauro ba ya yaɗa ƙanjamau, haka cin abinci a kwano ɗaya. Wanda kuma allurar mai cutar ta soka, ko wadda aka yi wa fyaɗe, akwai maganin da idan aka fara shi cikin awa 72, aka sha kwana 28, yakan hana kamuwa.

A 2024 Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin ɗaurin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini. Ko kun san samun nau'in B a jinin ango ba lalle ya sa a mayar da lefe ba? Idan amarya ba ta da shi, allura uku ake yi mata: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida.