Ganuwa Ma Tana Son Yaɓe

Da zarar an gama sharar gona, hadari ya fara leƙowa daga gabas, magidanci a Karaye ko Rogo yakan zagaya gidansa yana duba katanga. Inda ta tsage a cusa ƙasa, inda ruwan bara ya zaizaye gindinta a cike. A kwaɓa jar ƙasa da ramno, ƙanne da 'ya'ya su taru, wani na miƙa curi wani na yaɓawa. Mai hali ya bi da makuba, a gyara indararo. Kowa ya san gidan ƙasa yana iya ganin jikoki da tattaɓa-kunne muddin ana yi masa haka kowace shekara. A tsallake damina biyu ko uku kuwa, sai a wayi gari awakin maƙwabta na shigowa ta inda katanga take a da.

Duk sanda na shiga Kano ta Kabuga, wannan aikin ne yake faɗo mini a rai, domin ganuwar birnin katangar gida ce da aka daina yi wa yaɓe.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Duk tsawon wannan zamani hannun talakawa ne ya riƙe ta: da rani a yi gayya, a ɗebo ƙasa, a ɗora inda ya zube. Har sojojin Turawa da suka zo a 1903 sun same ta a tsaye da ƙwarinta. Bayan nan tsoron hari ya kau, gayya ta mutu, ruwa ya ci nasa rabon, mutane suka ci sauran. Wani ya haƙi ƙasarta ya yi tubali, wani ya yanki fuloti a kanta, wani ya mai da gindinta juji. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shaidar UNESCO, tana nan a layin jira har yau.

A ƙasar Sin akwai tsohon birni mai suna Shi'an, inda a da ayarin fataken siliki ke tashi zuwa yamma. Shi ma da ganuwarsa, wadda aka gina wajen 1370, zagayenta kusan kilomita 14. Abin da ya kama ni game da ita shi ne cikinta ƙasa ce da aka daddaɓe, 'yar'uwar tamu, sai a 1568 aka lulluɓe ta da bulo. Ita ma ta ga wulaƙanci, an kwashi bulonta an yi gidaje, har an so rushe ta kamar yadda aka yi wa ta Bejin don a samu hanya. A 1983 hukumar birnin ta tashi gyara, mutanen gari suka fito aka yi aikin da su. Yau baƙo yana yankar tikiti ya hau, ya ɗauki hayar keke ya zagaye birnin ta saman ganuwa. In ya sauko ya shiga unguwar Musulmi ya ci gasasshen naman rago, ya ga babban masallacinsu mai rufi irin na ginin Sinawa. Washegari ya tafi kallon dubban sojojin yumɓu da manoma suka tono suna haƙar rijiya a 1974. Mai keke ya samu, mai abinci ya samu, mai masauki ya samu.

To me Kano ta rasa? Baƙo zai iya hawa Dala da sassafe ya ga birnin shimfiɗe a ƙasansa, ya ji labarin Barbushe. Ya sauko ya kutsa lungunan Kurmi, ya shiga Gidan Makama, ya tsaya a Ƙofar Kudu. Ni dai marinar Ƙofar Mata ta fi tsaya mini a rai, wadda aka kafa tun 1498. Ita ce shaidar abin da nake faɗa, don ba ta rayu da kallo ba, ta rayu ne saboda kullum akwai mai zuba baba da toka, akwai mai tsoma zane. Hatta katsin da ake kwasowa daga gindin karofi ba a zubar da shi, da shi ake haɗa laso a shafe soraye. Marina na ciyar da magini, magini na tsare gini.

Na san za a ce birni ya cika, mota na neman hanya, mutane na neman wurin zama. Gaskiya ne, kuma ba na jin za a iya mayar da ganuwar gaba ɗayanta. Amma rushe ƙofa a sake ta da siminti, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010, bai biya bukata ba. Baƙo bai baro garinsu don ganin siminti ba, yana da shi a gida.

Abin da ya rage a tsaye shi za a ceta. A killace shi, a ba kowace unguwa yankin da ke kusa da ita, a sa ranar gayya kafin damina, Sarkin Magina ya ja gaba, a biya ma'aikata haƙƙinsu. In an rasa hannun da ya iya, a zo Karaye da Rogo. Maginan ƙasa suna nan da ransu, kuma da yawansu babu abin da suke yi tsakanin girbi da shuka.