Savoir-faire: Kalmar da Ta Sauya Ma'ana a Hanya

Savoir-faire kalmar Faransanci ce mai sassa biyu: savoir, wato sani, da faire, wato aikatawa. A bakin Faransawa, da ma 'yan bokon Maraɗi da Damagaram, galibi ƙwarewa a sana'a take nufi. Dillalin shanu a kasuwar Wudil, wanda ranar Juma'a zai buɗe bakin bijimi ya dubi haƙora ya faɗi shekarunsa, yana da savoir-faire.

Turawan Ingila sun are ta fiye da shekara 200 da suka wuce, sai dai sun karkatar da ita. A wurinsu, mai savoir-faire shi ne wanda zai shiga taron manya bai diririce ba, ya san abin faɗi da lokacin yin shiru. Faransawa kuwa suna da wata kalma mafi kusa da wannan, savoir-vivre, sanin yadda ake rayuwa cikin jama'a. Mai fassarar da bai lura ba, sai ya mayar da gwanin maƙeri gogaggen ɗan birni.

Hausa ma sai an zaɓa. "Wayewa" ce ke fara zuwa baki, amma tana da ƙanshin birni da boko. A gari irin Indabo, idan dattijo ya ce yaro "ya waye", sai an saurari muryarsa kafin a san yabo ne ko habaici. "Ladabi", wanda aka samo daga adab na Larabci, ya fi tafiya daga ƙarami zuwa babba, alhali savoir-vivre ya hau kan kowa. "Kirki" kuma, wanda wani masani mai suna Kirk-Greene ya yi wa nazari a 1974, maganar zuciya ce, ga shi mayaudari ma kan iya gaisuwa.

Waɗanda suka fi dacewa su ne "sanin ya kamata" da "iya zama da mutane". Ana ganinsu wurin baƙon da ya yi sallama a zaure, ya tuɓe takalmi, ya tambayi gida da gajiya da damina, ya kurɓi ruwan da aka kawo ko ba ya jin ƙishi, sannan ya jira mai gida ya ce "Lafiya dai ko?" kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Idan kuwa maganar aikin hannu ake yi, "gwaninta" ta wadatar.