Matatar SORAZ: Wa ke tsaya wa ma'aikacin Damagaram?

Kimanin kilomita 50 arewa da birnin Zinder, a kan hanyar Tanut, matatar mai ta SORAZ ke tace ɗanyen man da ake turowa daga Agadem. An buɗe ta a watan Nuwambar 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin CNPC na China ke da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40.

Shekara da shekaru ma'aikata 'yan ƙasa suna kukan cewa albashinsu bai kama ƙafar na 'yan China ba, ko da aikin iri ɗaya ne. A watan Maris na 2025 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta kori manyan jami'an China uku, ciki har da na SORAZ, kuma bambancin albashi na cikin dalilan da ta bayar.

A wasu ƙasashe matalauta, masu fafutuka na ƙetare ne ke ɗaukar irin wannan kuka. A 1992 Sanata Tom Harkin na Amurka ya gabatar da ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi. Ƙudurin bai zama doka ba, amma masana'antun tufafi na Bangladesh suka sallami yara kusan 50,000, a ƙiyasin UNICEF, da yawansu suka koma ayyuka mafi muni kamar fasa dutse.

Bayan ginin Rana Plaza ya rufta a 2013, ya hallaka mutum sama da 1,100, sai aka sauya salo. Kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu kan yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine tare da ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar. An gyara masana'antu, cinikin tufafi kuma ya ci gaba da haɓaka.

Waɗannan kamfanoni sun saurara ne don tsoron kada masu saye a Turai da Amurka su ƙaurace musu. Man SORAZ kuwa a Nijar da maƙwabtanta ake sayar da shi, ba mai saye a Faransa da zai yi barazanar daina saya.

Don haka ma'aikacin Damagaram ya dogara ne ga ƙungiyarsa da gwamnatinsa. Nauyin da ke kansu shi ne su ƙwato albashi mai adalci ba tare da matatar ta tsaya ba, domin idan ta tsaya, ma'aikaci da ɗan kabu-kabu duk za su ji a jikinsu.