Ido ya ƙaru a kan 'yan daudu, kariya ba ta ƙaru ba

A 'yan shekarun nan duniya ta cika da maganar mutanen da jinsin da suke ji a ransu ya saɓa wa wanda aka haife su da shi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan taɓin hankali, sabon kundin kuma ya fara aiki a 2022. Masu fafutuka a Turai da Amurka sun ɗauka cewa da zarar jama'a ta san mutum, to haƙƙinsa ya kusa zuwa hannu. A ƙasar Hausa da zangunan Hausawa na Sahara abin bai tafi haka ba. Sanin da aka yi musu haɗari ya ƙara musu, domin doka ba ta matso ta kare su ba.

'Yan daudu ba baƙi ba ne a cikinmu. Tun kafin a san intanet suke tuƙa tuwo da soya kaji a tashoshin mota, suna dafa abincin biki, suna shiga wasan bori, wasu har Jidda suke zuwa neman kuɗi. Ba dukkansu ke ɗaukar kansu mata ba, da yawa ma suna da aure da 'ya'ya, kamar yadda Rudolf Gaudio ya nuna a littafin da ya fitar kan 'yan daudun Kano a 2009. Jama'a kan yi musu ba'a, ta kuma sayi abincinsu, zama yana tafiya. Sai abubuwa suka yi ta tsananta. A 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta ba duk mai ƙullin wani a rai sandar dukansa. A 2022 aka gabatar da ƙudurin hukunta masu shigar wani jinsi a Majalisar Wakilai. Wayar hannu ta ƙarasa aikin: wanda da 'yan unguwarsu kaɗai suka san shi, yau bidiyonsa na TikTok yana hannun dubban mutanen da ba su taɓa cin tuwonsa ba, ba su san uwarsa ba. A Agustan 2024 aka tsinci gawar wata mai shigar mata, wadda aka fi sani da Abuja Area Mama, a bakin titi a Abuja.

Wanda ya tsallaka hamada ma bai tsira ba. Tamanrasset gari ne a Aljeriya da ake jin Hausa a kasuwanninsa, cike da 'yan ci-rani daga Agadas da Damagaram, yawancinsu ba su da takardun zama. Sashe na 338 na kundin hukunta laifuka na Aljeriya ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu kan mu'amalar jinsi ɗaya, kuma kamanni kaɗai kan jawo tuhuma: a 2020 wata kotu a El Khroub ta hukunta mutum 44 kan taron da aka kira bikin auren jinsi. Baƙon da shigarsa ko tafiyarsa ta ja ido, idan an yi masa duka ko an hana shi kuɗin aikinsa, wa zai kai wa ƙara? Ofishin 'yan sanda na iya zama farkon hanyarsa ta komawa Assamaka ta Nijar, domin a bakin iyaka ake sauke waɗanda aka kora su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa garin.

Za a ce addini ya hana namiji kwaikwayon mace, kuma hadisin yana nan, ba mai musunsa. Amma malamai ba su yi wa mas'alar kuɗin goro ba. Imamu Nawawi ya bambanta wanda aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙire ta da gangan. Muhtasar na Halil, da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato, da hukuncin gadon mata-maza ya rufe, wato fiƙihu ya zauna ya yi lissafin rabon mutumin da jikinsa bai faɗa ɗayan gida biyu ba. Ko wanda aka tuhuma da laifi, Shari'a ta gindaya shaidu da alƙali, ba ta miƙa shi ga 'yan unguwa masu gora ba. Za a kuma ce aƙidar Turawa ce ake son cusa mana. Ba sai mutum ya karɓi ra'ayin Landan kan aure ba kafin ya yarda cewa jinin ɗan daudu haramun ne kamar na kowa, cewa likita ba shi da hujjar korarsa daga layin asibiti, mai gidan haya ba shi da hujjar watso masa kaya cikin dare, kuma idan an kashe shi wajibi ne 'yan sanda su nemo wanda ya kashe shi su kai shi gaban alƙali.