Matatar Iskar Babur ɗin Samari: Soso Ba Mai Aikin Banza Ne

 

Yau da wuya ka ga gidan falke babu ƙaramin babur na shiga daji, wanda yaro ke hawa ya kai wa makiyaya guzuri ko ya rigayi garke zuwa mashaya. Waɗansu Yamaha ne ko Honda, waɗansu ƴan Sin. To amma galibi ba tsufa ke kashe injin waɗannan babura ba, ƙura ce. Abin da ke tsare ta kuwa ɗan soso ne cikin akwati, ƙarƙashin kujera ko a gefe. Shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira filta.

Dalili ke nan. Inji ba mai kaɗai yake sha ba. Kafin ya ƙone lita 1 ta fetur, esansi in ji mutanen Nijar, sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000, wato cikin duro 45 mai lita 200. Ku dubi irin iskar da yaro ke shiga in yana bin bayan shanu a burtali, ko ranar Alhamis a karar Maigatari. Ga kuma hazon hunturu daga watan Nuwamba zuwa Maris, wanda da yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Ƙwayar rairayi ta fi fistin tauri. In ta shiga ta gamu da baƙin mai, sai ta riƙa cin ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, ba soson ne ke kama ƙura ba, man da aka shafa masa ne. Ramukan soso suna da faɗi, lallausar ƙura sai ta wuce abinta in ba ta tarar da danƙo ba. Saboda haka wanda ya wanke soso tas ya mayar da shi busasshe, bai yi komai ba.

Ga yadda ake yi:

1. A share bayan akwatin kafin a buɗe. Da an zare soson, a toshe maƙogwaron da ke zuwa kafireta da tsumma mai tsabta, sannan a goge cikin akwatin.

2. A jiƙa soson cikin kananzir a mammatsa har tsohon mai ya fita, sannan a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye. Kada a sa fetur. Yana cin gam ɗin da ya haɗa soson, ga hatsarin gobara.

3. Matsewa ake yi a tafin hannu, ba a murɗawa kamar wanki, don yagewa yake yi.

4. A shanya a inuwa har ya bushe sarai. Ban da kusa da wuta.

5. A ɗaga shi wajen haske. In an ga huda, ko ya soma marmashewa, a jefar a sayi sabo. Ba a ɗinke shi.

6. A sa shi cikin leda, a zuba man filta, in babu shi a sa sabon man inji. Ban da wanda aka juye. A murza har mai ya game ko'ina, sannan a matse rarar. Ya yi danshi, amma kada ya ɗiga.

7. A shafa giris kaɗan a bakin da ke haɗuwa da akwati. A CIRE TSUMMAN NAN, a mayar da soson, a shafa da yatsa a tabbata ya zauna daram babu kafa.

A lura, waɗansu babura matatarsu ta takarda ce mai ninki-ninki. Ita ba ta son ruwa, ba a kuma ƙara mata mai. In ta toshe, canzawa ake yi.

Yaushe za a wanke? Lissafin da ke cikin littafin babur na hanya mai sauƙin ƙura ne, littafin da kansa yakan ce a yawaita in ana shiga ƙura. Da rani a duba bayan kowace doguwar tafiya. Dabara mai kyau ita ce a mallaki soso 2, ɗaya a jiki, ɗaya shafaffe a ƙulle cikin leda.

Babur ma yana faɗin ciwonsa. In ya rage ƙarfi, shan mai ya ƙaru, filogi ko buji ya yi baƙi ƙirin, to matata ta toshe. Nan ne yaro kan cire ta ɗungum, wai don mashin ya sami numfashi. Ku hana! Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. In kuwa aka shafa yatsa a maƙogwaron bayan soso aka ji tsaki-tsaki, ƙura tana ratsawa, a nemi inda take bi tun ba a kai ga sauke inji ba.

Alhazai da iyaye, wannan aiki na yaro ne, amma sa ido naku ne. Kuɗin soso, da sefa ne ko da naira, bai kama ƙafar kuɗin fistin da ringi ba. Balle a ce mashin ya mace wa yaro a dokar daji, rana ta faɗi, ga saƙon kuɗi a aljihu. Ku tsaya a kansa ya yi sau 2 ko 3 a gabanku har hannunsa ya faɗa. Kuma kada ya hau sai da hular kwano.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu a kan hanya, amin.