Nasiha Ga Masu Kai Yara Yawon Sallah a Jos

Duk wanda ya zauna a Katako, ko Gangare, ko Unguwar Rogo, ya san cewa da zarar an sauko daga Idi, aka ci tuwon Sallah, aka zaga dangi aka karɓi goron Sallah, to babu sauran abin da ke zukatan yara face a kai su gidan zu ko wurin lilo. Ba su kuwa yi laifi ba, domin shari'a ba ta hana wasa a ranar Idi ba, hasali ma malamai suna kwaɗaitar da magidanci ya yalwata wa iyalinsa a wannan rana gwargwadon hali. Sai dai abin da muke gani kowace shekara shi ne, mutum ya kwashi 'ya'yansa da na maƙwabta, ya biya kuɗin mota, ya biya na shiga, sa'an nan ya ƙare yininsa a tsaye yana kallon ƙeyar wani, har magariba ta kawo jiki yaran ba su hau komai ba sai lilo guda, a koma gida ana kuka ana faɗa. Jama'a sun ɗauki wannan wahala a kan wani sashe ne na Sallah wanda ba makawa daga gare shi. Ni kuwa a ganina mafi yawanta ƙarancin tadbiri ne, kuma tana da magani.

Allah Ya hore wa garin Jos wuraren kai yara fiye da garuruwa da yawa na Arewa. Akwai gidan adana kayan tarihi wanda aka buɗe a 1952 ta hannun Baturen nan Bernard Fagg, da tsohon gidan zu da ke maƙwabtaka da shi, da filin da aka gina kwatancin ganuwar Kano da masallacin Zariya domin na baya su ga irin ginin magabata. Akwai babban gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, can wajen Tudun Wada, da wurin wasan yara mai sunan Solomon Lar, wanda ya yi gwamnan Filato daga 1979 zuwa 1983, da kuma tafkin Rayfield, wanda asalinsa kududdufin haƙar kuza ne, yanzu ana shiga kwalekwale a cikinsa. Waɗannan wurare, in ka je su ranar wata Talata ko Laraba ta tsakiyar shekara, sai ka tarar ma'aikata sun kusa fin baƙi yawa. Amma ran Sallah da kashegarinta, da Kirsimeti, da ranar sabuwar shekara, sai su cika maƙil, ko'ina ka duba kawuna ne.

To, mene ne asalin dogon layin da ake tsayawa a waɗannan ranaku? Mu ɗauki misali da lilon da ke cin yara 20 a tashi ɗaya. A ce yana juyawa minti uku, sauke waɗansu da ɗora waɗansu da karɓar tikiti su ci waɗansu minti uku. Ke nan kowane tashi minti shida, tashi goma a sa'a, yara 200 a sa'a guda, ko da kuwa mai lilon ya fi kowa himma. Muddin masu zuwa ba su kai 200 a sa'a ba, kowa zai hau ba tare da wani dogon jira ba. Amma in suka zama 250, to kowace sa'a ana bin lilon bashin yara 50, kuma bashin nan taruwa yake yi bisa juna, har ya zama bayan sa'a huɗu yara 200 ke tsaye, wanda ya zo a lokacin sai ya yi jiran sa'a cur domin wasan minti uku. Haka lissafin yake a tagar sayar da tikiti, haka a ƙofar da ake binciken jaka, haka a bakin kwalekwale. In kuma aka ɗauke wuta, aka tsaya tayar da janareta, kowane minti da lilon ya yi a tsaye ƙari ne a kan bashin.

Wannan lissafi har ilmi ne mai zaman kansa a jami'o'i, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang ya aza harsashinsa a 1909, sa'ad da yake binciken abin da ke sa masu buga tarho a birnin Kofanhegan su yi ta jiran layi. Fa'idarsa gare mu ita ce mu fahimta cewa yawan jama'ar da suka zo a yini bai kai haɗuwarsu a sa'a ɗaya tsanani ba. Mu kuwa al'adarmu ita ce kowa ya fito tare: a yi hantsi ana jiran ƙunshi ya bushe, ana jiran tela ya kawo ɗinkin da ya yi alkawari tun azumi, a ci abinci, a yi azahar, sa'an nan unguwa duka ta ɗunguma, a isa ƙofa tsakanin azahar da la'asar. Mutanen da suka cika wurin a sa'a uku, da an baza su a kan yini duka, da ba wanda zai yi ƙorafi.

Saboda haka magani na farko shi ne zaɓen rana. Gwamnatin tarayya takan ba da hutun kwana biyu a kowace Sallah, kuma a cikin kwanakin nan biyu ma'aikaci ba shi da zaɓi, tilas ya fita. Amma ɗan kasuwar Katako, mai katako ne, ko mai hatsi, ko mai gwanjo, shi ke da ikon lokacinsa, kuma ya fi kowa sanin cewa bayan hadahadar jajibere kasuwa takan yi sanyi na 'yan kwanaki, tun da aljihun masu saye ya riga ya yi sauƙi. Me zai hana ya bar yaron shago ya kula da rumfa ran kwana na uku ko na huɗu, ya kai iyalinsa sa'ad da ma'aikata suka koma ofis? Kayan Sallah ba su tsufa a kwana uku. Abin da ake bukata kurum shi ne a gaya wa yaran tun da wuri, a yanka musu rana, a kuma cika alkawarin, domin yaro yakan haƙura da jinkiri in ya tabbata mahaifinsa ba ya saɓa magana. Haka kuma, da yake Jos gari ne da Musulmi da Kirista suke tarayya a waɗannan wurare, wanda yake so ya kai yara a hutun ƙarshen shekara ya kauce wa 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, ya zaɓi kwanakin da ke tsakani.

Wanda kuwa ba shi da hali sai ranar cunkoson, to ya yi sammako, ya tambayi lokacin buɗe ƙofa tun ana jajibere, ya kasance cikin na farko. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. A gidan namun daji ma ribar biyu ce, domin dabbobi da safe suke kai da kawowa, in rana ta take sai su nemi inuwa su kwanta, mai zuwa da azahar ya yi ta jifan keji da tsakuwa a banza, abin da ma bai halatta ba. A tuna kuma cewa a shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa cikin damina, ruwan Jos kuwa ya fi sauka daga azahar zuwa yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. In hadari ya taso ana tsayar da lilo, wanda ya yi jiran sa'a ya tashi a tutar babu. In an shiga, a wuce kai tsaye zuwa abin da yara suka fi so, a bar ɗaukar hoto da sayen alewa sai daga baya. In kuma an tarar da layi, kada a shiga da ka: a tsaya a ga tashi ɗaya, a ƙirga yara nawa ya ɗiba da minti nawa ya ci, a ƙiyasta kawunan da ke gaba, nan take mutum zai san ko jiran zai haɗiye masa sallar la'asar.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tsawaita layi waɗanda mu muke jawo su. Mutum ya iso taga da babbar takardar kuɗi ana neman canji, ko ya tsaya tura kuɗi ta waya alhali cunkoso ya toshe sabis, jama'a na tsaye a bayansa. A tanadi kuɗin shiga daidai tun daga gida, mutum ɗaya ya saya wa kowa, sauran su jira a inuwa. A rage manyan jakunkuna saboda bincike a ƙofa. A saurari sanarwa a rediyo, domin sau da yawa hukumomin tsaro sukan hana keke zirga-zirga a Jos da Bukuru a ranakun Sallah da Kirsimeti, achaɓa kuwa an daɗe da hana shi cikin gari. Wanda bai shirya motar komowa ba, layin da zai tarar a bakin titi da almuru ya fi na lilo ɗaci.

Sai batun ratse, wanda ya zama ruwan dare har waɗansu na ɗaukarsa wayo. Wanda ya kutsa gaban mutum 30, ya ƙwaci wani abu daga lokacin kowannensu ba da yardarsa ba, wannan kuwa zalunci ne ko da ƙarami ne. Wanda ya miƙa wa mai tsaron ƙofa na goro domin a shigar da shi ta gefe, ya koya wa ɗansa rashawa da idonsa, ranar Idi. Daga ratse kuma turereniya ke farawa, a cikin zahama kuwa ƙananan yara ne ke faɗuwa, su ne ke ɓata. Yara amana ne: kada a tura su su kaɗai, ko a damƙa biyar a hannun yayarsu 'yar shekara goma sha biyu. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a nuna musu wuri ɗaya sananne da za a haɗu in an rabu, kada kuma a shiga kwalekwale ba tare da rigar kariya ba, ko a yarda a ɗora fiye da ƙima domin layi ya yi sauri, gama kududdufan kuza suna da zurfi ƙwarai.

Masu kula da wuraren su ma akwai nasu. A wuraren wasan Disney na Amurka, waɗanda na farkonsu ya buɗe a 1955, an shigo da wata dabara a 1999, inda a wancan zamani ake ba mutum takarda mai ɗauke da lokacin da zai komo ya hau, ya tafi ya yi wata hidimar maimakon tsayuwa. Alhazanmu ma sun ga irin wannan tsari a wurin jifan Shaiɗan, inda bayan haɗarin turereniya na 2006 aka sake ginin gadar jifa hawa-hawa aka kuma yanka wa kowace tawaga lokacinta, ko da yake ibada ta fi ƙarfin a gwada ta da wasa. Abin da za a ɗauka daga ciki ba ya bukatar na'ura: takarda da biro sun isa a rubuta wa yaro sa'arsa. A ƙara tagogin tikiti a ranakun biki, a fara sayar da shi tun kafin Sallah, a ware layin mata da ƙananan yara, a kafa rumfa a kansa, a kuma rage kuɗin shiga ga duk wanda ya iso kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe.