Mutum-mutumi Mai Hular Roba: Alamomin Gari da Rayuwar Jama'a a Birnin Gilasgo

Gilasgo shi ne birni mafi yawan jama'a a ƙasar Sikotilan, wadda take arewacin tsibirin Birtaniya. Ba shi ne babban birnin ƙasar ba, Edinbara ce take da wannan matsayi, amma ya yi fice wajen ciniki da masana'antu tun ƙarni na 18. Yana bakin kogin Clyde, kuma mazaunansa sun haura 600,000. Wannan takarda za ta duba wasu alamomi da ke tsaye a titunan birnin, domin a ga yadda mutanen gari kan karɓe abin da manya suka kafa, su ba shi ma'ana irin tasu.

Da farko ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomi biyu da masu fassara kan gauraya, wato gunki da mutum-mutumi. Gunki shi ne abin da ake bauta wa. Mutum-mutumi kuwa siffar mutum ce da aka sassaƙa ko aka ƙera, ko da ta korar tsuntsaye a gona ce. Abubuwan da za a ambata a nan ba bauta musu ake yi ba, an kafa su ne don tunawa da wasu mutane, saboda haka kalma ta biyu ce ta dace da su.

A tsakiyar birnin, a dandalin da ake kira Royal Exchange, akwai mutum-mutumin tagulla na wani basarake bisa doki. Shi ne Arthur Wellesley, mai riƙe da sarautar Wellington, wanda ya jagoranci rundunar Birtaniya da ƙawayenta a yaƙin Waterloo, inda aka ci Napoliyon na Faransa a shekarar 1815. Daga baya ya zama firayim minista. Wani masassaƙi haifaffen Italiya, Carlo Marochetti, shi ya yi aikin, aka kafa shi a 1844 da kuɗin karo-karo. Manufar masu kafawar a fili take: a ɗora jarumi a kan dakali mai tsawo, duk mai wucewa ya ɗaga kai ya dube shi.

Tun cikin shekarun 1980 sai wata al'ada ta ɓullo. Akwai robar nan mai tsini, mai launin ruwan lemo da fari, wadda ma'aikatan hanya ke jerawa don karkatar da motoci. Siffarta kamar mazurari da aka kifar. Da dare sai wani ya hau dakalin, ya hau dokin, ya kifa wa basaraken ita a ka kamar hula. An fi danganta farkon abin da matasa masu komawa gida daga yawon dare. Da safe ma'aikatan majalisar birni su cire, kafin a jima wata ta hau. Wani lokaci har dokin ma yakan sami tasa.

Hukuma ba ta ɗauki wannan da wasa ba, kuma tana da hujja. Mutum-mutumin yana cikin kayan tarihi da doka ta ba kariya mafi girma, yawan hawansa ya lalata wasu sassansa, har da takobin, ga kuma haɗarin faɗowa. A 2005 majalisar birni da 'yan sanda suka roƙi jama'a su daina, ba a daina ba. A watan Nuwamba na 2013 majalisar ta fito da shirin gyara na fam 65,000, wanda ya haɗa da ƙara wa dakalin tsawo yadda hawansa zai yi wuya. Ta ce cire hular yana cin kimanin fam 10,000 a shekara. Cikin kwana ɗaya mutum fiye da 10,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa ta intanet, dole majalisar ta janye shirin. Shekara ta zagayo, sai ga siffar mutum-mutumin da hularsa a bikin buɗe wasannin ƙasashen Kwamanwel da aka yi a birnin a 2014. Abin da ake kira ɓarna ya zama tambarin gari. A 2023 mai zanen bango da aka sani da suna Banksy ya baje kolin ayyukansa a gidan zane-zanen da ke bayan mutum-mutumin, ya kuma bayyana cewa hular ce ta jawo shi wurin.

To, me wannan hula take nufi? A wurin Bahaushe abin da aka ɗora wa mutum a ka ba ƙaramin abu ba ne. Na sama ne yake naɗa wa na ƙasa rawani, kuma tuɓe shi ƙasƙanci ne. A Gilasgo al'amarin ya juya: talakawa ne suke yi wa basarake naɗi, da robar bakin titi, kuma in hukuma ta tuɓe su sake naɗawa. A ganina wannan ya fi kusa da wasan jika da kaka fiye da cin mutunci. Ba su tumɓuke shi ba, ba su farfasa shi ba, sun dai sauko da shi daidai tsawonsu ne ta hanyar barkwanci. Abin lura kuma shi ne, Wellington ya yi adawa da faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a a zamaninsa, ga shi yanzu ra'ayin jama'a ne yake yanke abin da zai sa a ka. Hular kan sauya launi gwargwadon abin da ke damun gari. A 2022, alal misali, an sa masa mai shuɗi da rawaya don nuna goyon baya ga Yukiren.

Ginin da ke bayansa yana da nasa labari, wanda ba na dariya ba ne. Asalinsa gidan wani attajiri ne, William Cunninghame, da aka fara ginawa a 1778. Dukiyarsa daga cinikin taba ta fito, tabar kuwa bayi 'yan Afirka ne suke noma ta a gandayen Amurka. A 1996 ne aka mayar da ginin gidan zane-zanen zamani. Wanda ya iya karanta sunayen tituna zai ga wannan tarihi a rubuce ko'ina cikin birnin: titin Jamaika, titin Virginia, da titunan Buchanan da Glassford waɗanda suka ci sunan gidajen fataken taba. A 2020 wasu masu fafutuka suka liƙa allunan sunayen baƙaƙen fata kusa da na ainihi. A 2022, bayan rahoton da masanin tarihi Stephen Mullen ya rubuta, majalisar birnin ta nemi gafara kan rawar da Gilasgo ya taka a harkar bauta.

Amfani da sunan titi a matsayin makami ba baƙon abu ba ne a can. A 1981 Gilasgo ya ba Nelson Mandela lambar girmamawa ta 'yancin birni, alhali yana kurkuku. A 1986 aka sauya sunan dandalin St George zuwa dandalin Nelson Mandela. Dabarar ita ce, ƙaramin ofishin jakadancin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu yana a wannan wuri, don haka adireshinsa ya koma ɗauke da sunan fursunan da gwamnatin take tsare da shi. Mandela ya zo da kansa a 1993 ya yi godiya. Ɗalibin da ya ji labarin sauya sunan titin Charles de Gaulle zuwa Djibo Bakary a Yamai a 2024 ba zai sha wahalar gane irin wannan magana ba.

Akwai kuma waɗanda aka daɗe ba a tuna da su ba. Kafin 2018, mata uku kacal ne aka kafa wa mutum-mutumi da sunansu a titunan birnin, ɗaya daga ciki Sarauniya Victoria. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikata suka cika unguwannin da ake ƙera jiragen ruwa, masu gidaje suka ƙara kuɗin haya. Matan unguwar Govan, ƙarƙashin jagorancin Mary Barbour, suka ƙi biyan ƙarin. Sukan sa mai gadi a bakin zaure, in ta hango masu fitar da 'yan haya sai ta kaɗa ƙararrawa, mata su fito su tare ƙofa. Kafin ƙarshen shekarar majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar da ta mayar da kuɗin hayar ƙananan gidaje yadda yake kafin yaƙi. Jama'a ne suka tara kuɗin yi mata mutum-mutumi, aka buɗe shi a Govan ranar 8 ga Maris, 2018. Ba a kan doki take ba, ba kuma ita kaɗai ba ce. Tana tafe a gaba ta ɗaga hannu, jerin mata da maza da yara suna biye da ita, a kan dakalin da bai yi tsawon da zai hana yaro taɓa su ba.